Duwatsun Darar Kaka

A shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makarantar boko, an yi wata yarinya a Birnin Kudu. Ita dai ta riga ta shiga tun tuni. Tana aji huɗu, kuma ba ta son a fi ta a komai.

Babanta ya rasu tun tana goye. Sai mahaifiyarta, Inna Kulu, ta dawo da ita gidan nata uban, Malam Barau. Su uku ke nan a gidan. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa Inna Kulu take yi, da su take riƙe da kowa. Mace ce mai ji da kanta. Ba ta roƙon kowa, ba ta bin kowa. In ta faɗi magana kuwa, ta zauna.

Yarinyar ce 'yarta ta fari, shi ya sa ba ta kama sunanta. "Ke!" kawai take cewa. Kaka kuwa Amarya yake kiran ta, irin wasan nan na kaka da jika.

"Amarya, yau me kika dafa mini?"

"Wa zai dafa wa tsoho marar haƙori? Ni na fasa. Mai babur zan nema."

"Mai babur ya zubar da ke a kwata. Ni jakina bai taɓa kayar da kowa ba."

Amma tun zazzaɓin da ya kwantar da shi bara, Kaka ya fara mantuwa. Sai ya yi alwala, ya dawo, ya sake yin wata. Sai ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba. Wata rana ma da sunan matarsa Mero, wadda ta daɗe da rasuwa, ya kira Inna Kulu.

Lokaci ɗaya ne mantuwar ke sakin sa. Kullum bayan la'asar abokinsa Malam Badaru wanzami yakan zo a kan kekensa, da zabira a kafaɗa. Sai su zauna a gindin durumin ƙofar gida su buga dara.

Gurbi talatin suka tona a ƙasa, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Malam Badaru da tsinken kara goma sha biyu yake yi. Kaka kuwa duwatsu gare shi goma sha biyu, sumul-sumul. Tun yana saurayi ya tsinto su a bakin rafin ƙauyensu, can ƙasar Gwaram wajen Zandam. Wanda ya jera nasa uku a layi ɗaya, ya ci ɗaya daga na abokinsa.

In Kaka ya zauna gaban dara, sai ka rantse ba shi ba ne. Idonsa ya buɗe, bakinsa ya saki.

"Taɓa wancan mana, Badaru! Taɓa ka gani!"

"Kai dai yi ta kuri. Jiya wa ya tashi yana kakkaɓe riga?"

"Jiya sau uku na cinye ka. Shekaranjiya sau biyu. In ka manta, ni ban manta ba."

Kuma gaskiyarsa ne. Lissafin dara bai taɓa kuɓuce masa ba.

Ana tsakiyar damina, ranar wata Talata, Malama Azumi ta shigo aji huɗu da darasin tsafta.

"Jibi Alhamis duba-gari zai zagaya gida-gida," in ji ta. "A ina sauro yake hayayyafa?"

"A ruwan da ya kwanta, Malama!"

"Madalla. Gwangwani, fasasshiyar tukunya, tsohuwar taya, rami. Duk abin da ke tara ruwa, a kawar da shi. Ina so a ce gidajen 'yan ajina sun fi na kowa."

Batulu, wadda suke benci ɗaya, ta zunguri yarinyar.

"To ku kun shiga uku," ta raɗa mata. "Ƙofar gidanku duk ramuka, kamar kaji sun yi tono. Ga tsofaffi biyu suna wasan ƙasa kamar 'yan yaye."

Na bayansu suka ji, suka ƙyalƙyale da dariya. Maganar ta tsaya wa yarinyar a rai har aka tashi.

Kashegari da safe aka yi ruwa. Da ta dawo daga makaranta, Kaka yana barcin rana, Inna tana can tana suya. Ta fito ta tsaya a gindin durumi. Ga ɗan ruwa-ruwa nan a cikin guraben.

Ta ɗebo jar ƙasa ta cike su tas. Ta ɗauko madaɓin Inna ta daɓe wurin, har ya yi santsi kamar tsakar ɗakin amarya.

Sai ta tuna da gwangwanin da ke cikin kogon durumin. A nan Kaka yake ajiye duwatsunsa. Ta ciro shi. Ruwan sama ya cika shi, har da 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a ciki.

Da ta ga dama, da ta tsiyaye ruwan ta mayar da duwatsun. Ta san haka sarai. Amma dariyar su Batulu tana kunnenta. Ta zaga bayan gida, ta ɗaga hannu ta wurga gwangwanin tsakiyar kududdufi.

Tsundum! Ruwa ya haɗiye shi.

Tana dawowa, sai ga ƙarar ƙararrawar keke. Malam Badaru ne. Ya sauko, ya tsaya yana kallon daɓen.

"Ke, wa ya yi wannan aikin?"

Duk yaran unguwa suna tsoron Malam Badaru da asakensa. Kafin ta yi tunani, bakinta ya riga ta.

"Inna ce ta sa ni. Ta ce a daina dara a ƙofar gidan nan."

Fuskar Malam Badaru ta sauya. A wurin masu dara, in aka cike maka gurbi har aka daɓe, an ce kada ka ƙara zuwa ke nan. Ga shi kuma a makon da ya wuce Inna Kulu ta miƙo masa kunu tana cewa, "Malam Badaru, kunun nan fa ba daga rijiya nake ɗebo shi ba." Da wasa ta faɗa. Yau sai ya ji ta daban.

"Shekara ashirin ina zama a gindin itacen nan," ya ce a hankali. "In an gaji da ni, ai da baki ake faɗa mini, ba da madaɓi ba."

Ya juya kekensa ya tafi. Ko sallama bai yi ba.

Can Kaka ya fito da tabarmarsa. Ya dubi ƙasa. Ya caka sandarsa nan, ya caka can. Ya zura hannu cikin kogo, ya laluba, ya sake lalubawa.

"Kulu! Ina duwatsuna?"

Inna ta leƙo da matsami a hannu. "Ke, me ya sami wurin darar?"

"Malama ce ta ce a cike ramuka saboda duba-gari."

"To, Baba, in ya zo ya wuce sai ku sake tonawa. Duwatsu kuwa kai ka ajiye su wani wuri ka manta. Shekaranjiya ma ai a kwandon gyaɗa na tsinci hularka."

Kaka ya dubi tafin hannunsa.

"Ni na ajiye?" ya ce. "Haka ne fa. Ni ne. Kai, wannan kai nawa ya tashi aiki."

Yarinyar tana tsaye tana ji. Ta sunkuyar da kai ta shige gida.

Ranar Alhamis duba-gari ya zo da farar hularsa. Ya leƙa randa, ya leƙa makewayi, ya ce a rufe bakin rijiya. Daɓen ƙofar gida kuwa, taka shi ya yi ya wuce. Ko kallon sa bai yi ba.

Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku, babu Malam Badaru. Kullum la'asar Kaka zai fito ya zauna yana kallon hanya. In ya ji ƙararrawar keke sai ya ɗago. Sai ya ga wani ne.

"Kulu, ko Badaru ba shi da lafiya?"

"Lafiyarsa ƙalau, Baba. Jiya an gan shi a gidan suna. Ni ban kore shi ba, ba kuma zan bi wanzami ina lallashi ba."

Daga nan Kaka ya daina fitowa. Ya rage cin abinci. Ya daina tsokana. Yini guda zai yi yana birkita ɗakinsa, yana ɗaga tabarma, yana zazzage aljihu.

A kwana na shida yarinyar ta kai masa fura. Ya daɗe yana kallon ta.

"Sannu, yarinya," ya ce. "'Yar gidan wa ce ke?"

Saura kaɗan ƙwaryar ta suɓuce mata. Ta ruga bayan ɗaki ta yi kuka. Ta ce a ranta yau za ta faɗa wa Inna. Amma da ta hango Inna da fuskarta a ɗaure, sai ta ce gobe.

A kwana na tara da yamma, tana shara, Kaka ya kamo hannunta.

"Na tuna," ya raɗa mata, yana murmushi. "Na tuna inda na bar su. A bakin rafi na bar su, can gida, Gwaram. Zan je in ɗauko. Kada ki faɗa wa kowa, sai su ce na ruɗe."

Ta buɗe baki. Maganar ta zo har kan harshenta.

"Ke! Zo ki kama mini turmin nan!" Inna ta ƙwala kira daga ciki.

Ta saki tsintsiya ta tafi. Ba ta faɗa ba.

Kashegari Asabar, babu makaranta. Da hantsi ta kai masa koko. Tabarma tana nan, Kaka ba ya nan. Babu sandarsa, babu takalmansa, babu jar hularsa.

"Inna! Kaka ba ya ɗaki!"

Aka duba masallaci, ba ya nan. Aka duba kasuwa, ba wanda ya gan shi. Kafin azahar ƙofar gidan ta cika da mutane. Mai unguwa ya tura samari hanyar Kangire, inda tsohuwar gonar Kaka take. Ya tura waɗansu hanyar Wurno. Hanyar Gwaram kuwa ba wanda ya kawo ta a ransa. Me zai kai tsoho can?

Yarinyar ta raɓe a bakin zaure. Ta san duk inda aka nufa ba nan ba ne. Amma in ta ce Gwaram, za a ce don me? In ta ce duwatsu, za a ce ina suke?

Gabas ta fara haɗa hadari. Samarin Kangire suka dawo hannu biyu. Ƙuli-ƙulin Inna ya ƙone a kasko, ƙauri ya cika gida, ba wanda ya kula. Inna tana tsaye ƙyam. Ba ta kuka.

Sai wani dattijo ya yi gyaran murya. "Allah ya sa ba haka ba ne," ya ce, "amma a samo gora a duba kududdufin bayan gida."

Yarinyar ta ga maza biyu sun ɗauki dogayen gorori. Ta ga Inna ta dafa bango. Nan ta kasa riƙewa.

"Ba ya ciki! Inna, ba ya ciki! Duwatsunsa ne a ciki!"

Ta durƙusa a gaban Inna tana kuka, ta zayyane komai. Ta faɗi na gwangwani. Ta faɗi ƙaryar da ta yi wa Malam Badaru. Ta faɗi abin da Kaka ya raɗa mata jiya.

"Da sunana kika kori baƙon ubana?" Inna ta tambaya. Muryarta ƙasa-ƙasa, abin da ya fi tsawa ban tsoro.

"Na tuba, Inna."

"Ni da ke sai an jima. Tashi." Ta fizgi mayafinta. "Mai keken da ya fi kusa shi ne wanda kika kora."

Suka tarar da Malam Badaru a rumfarsa yana yi wa wani mutum aski. Ya gan su, ya kawar da kai.

"Malam Badaru," in ji Inna, "ni dai ka san ban iya roƙo ba."

"Na sani. Daɓe kika iya."

Inna ta sunkuyar da kai. Yarinyar ba ta taɓa ganin ta haka ba.

"To, yau roƙo na zo. Baba ya ɓata tun safe. Ke, faɗa masa da bakinki."

Ta faɗa. Tun kafin ta kai ƙarshe Malam Badaru ya ninke askarsa ya jefa a zabira.

"Haba Malam, rabin kan fa?" in ji wanda ake yi wa askin.

"Rufe da hula! Ke, hau baya. Idonki ya fi nawa gani. Kulu, ki je tasha ki samo Ɗanbala mai a-kori-kura, ku biyo mu."

Suka hau hanyar Gwaram. Sabuwar kwalta ce, baƙa wuluk. Tankokin mai da manyan motoci suna wucewa fuu, iskarsu tana neman ture keken. Duk motar da ta wuce, sai yarinyar ta tuna Kaka ba ya jin oda sosai. Ta ƙanƙame rigar Malam Badaru.

Suka tarar da wata mai tallan nono a gindin tsamiya.

"Baiwar Allah, ko kin ga wani tsoho da sanda?"

"Mai jar hula? Ya wuce tun ɗazu. Na ce ya zauna ya sha nono, ya ce sauri yake yi, rafi za shi. Takalminsa ɗaya ma ya tsinke."

Malam Badaru ya ƙara taka feda. Gumi ya jiƙe masa baya. Sama ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa dawa a gonaki.

Can gaba akwai wata 'yar gada. Yarinyar ce ta fara hango jar hula.

"Ga shi can! A ƙasa!"

Kaka ya gangara ƙarƙashin gadar. An yi ruwa can inda rafin yake fitowa, ya ciko, ja wur, yana gudu da itatuwa. Kaka yana tsaye daf da baki, yana leƙen ruwa. Ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa tana zubewa kaɗan-kaɗan.

Malam Badaru ya yar da keke. "Barau! Barau, dawo nan!"

Kaka ya waiwayo. Idonsa bai san kowa ba. Ya ɗaga sanda.

"Kada ka matso! Ku ne ɓarayin da kuka kwashe mini duwatsu!"

Malam Badaru ya yi taku ɗaya. Kaka ya ja da baya taku ɗaya. Dunduniyarsa ta taɓa ruwa.

"Innalillahi," in ji Malam Badaru. Ya tsaya cak. "Ke, kada ki motsa. In muka matsa, faɗawa zai yi."

Yarinyar ta duba hagu, ta duba dama. Babu kowa. Sai tsibin tsakuwa da masu aikin hanya suka bari a gefen gada. Ta lallaɓa ta cika gefen zaninta da tsakuwa. Ta sami wuri mai yashi, nesa da ruwa, inda Kaka zai iya gani. Ta durƙusa ta fara tona gurbi da yatsunta.

Ba ta dube shi ba. Tona kawai take yi. Da ta gama, ta zube tsakuwar a gefe, ta ɗaga murya.

"Wa zai buga dara?"

Shiru, sai ƙugin ruwa.

"Wa zai buga dara da ni?"

Sandar Kaka ta sauko a hankali. Ya miƙa wuya yana leƙe.

"Ke," ya ce. "Wane ne ya koya miki wannan shirmen?"

Ashe biyar-biyar ta tona. Duk shekarun nan tana wucewa ta gefen dara, ba ta taɓa tsayawa ta ƙirga ba.

"Ba haka ake yi ba?"

"Shida-shida ne! Ina aka taɓa dara da gurbi ashirin da biyar?"

"Ni ban iya ba. Zo ka gyara mini."

Kaka ya yi tsaki. Ya ɗago ƙafa ɗaya daga bakin ruwa. Ya ɗago ta biyu. Yana tafe yana mita, har ya iso. Ya tsuguna, ya sa babban yatsa ya ƙara gurbi biyar. Sannan ya tsinci tsakuwa goma sha biyu, yana juya kowace a hannu.

Malam Badaru ya kakkarya ƙirare, ya zagayo ta bayan Kaka, ya zauna tsakaninsa da ruwa. Ya dasa tsinke ɗaya a gurbi.

Kaka ya ajiye dutse. Tsinke, dutse, tsinke, dutse, har suka ƙare. Aka fara turawa. Yarinyar tana kallon fuskar Kaka. Goshinsa ya tattare. Leɓensa yana motsi, yana lissafi.

Tsawa ta faɗi. Ko gezau bai yi ba. Ya tura dutse ɗaya gefe, uku suka jeru.

"Na ci!" Ya fizge tsinke ɗaya ya jefar. "Kai Badaru, har yanzu ba ka iya ba! Kwana nawa kana ɓuya don tsoro?"

Malam Badaru ya yi dariya, hawaye yana bin gemunsa. "Kwana goma, Barau."

Kaka ya dubi gada. Ya dubi ƙafarsa da ta kumbura. Sannan ya dubi yarinyar.

"Amarya? Me ya kawo mu nan?"

Ta rushe da kuka. "Kaka, ni ce. Ba kai ka ɓatar da duwatsunka ba. Ni na jefa su a kududdufi. Ni na kori Malam Badaru da ƙarya."

Ta jira faɗa.

"Ke kika jefar?"

"Ni ce."

"Ba ni na ajiye na manta ba?"

"Ba kai ba ne, Kaka."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi," ya ce. "Kwana goma ina cewa kaina ya gama lalacewa. Wannan ya fi ɓatan duwatsun ciwo, Amarya. Da tun ranar kika faɗa."

Yayyafi ya fara sauka. Sai ga odar a-kori-kura a kan gada. Tun motar ba ta gama tsayawa ba Inna Kulu ta diro.

Daga nan asibiti suka wuce. Wani ma'aikaci, Malam Abdulsalami, ya wanke ƙafafun Kaka ya sa magani ya naɗe. Inna ta ba shi labari tun daga farko.

"Malam, ka gaya mini gaskiya," ta ce. "Wasan ƙasa ne zai riƙe hankalin mutum? Ni allura na zo a yi masa."

"Hajiya, babu allurar da ke mayar da tsoho yaro. Dara ma ba za ta warkar da mantuwa ba. Amma dubi abin da yake yi in yana bugawa. Yana ƙirga. Yana tuna inda ya sa dutse. Yana hango abin da abokinsa zai yi. Ga hira, ga dariya. Ƙafar da aka daina takawa tana yin sanyi, ko ba haka ba? To ƙwaƙwalwa ma tana son aiki. Zaman shiru shi kaɗai ne ba ya yi masa kyau."

"To kunu fa?" in ji Malam Badaru. "Yana cikin maganin?"

Inna ta harare shi. "Kofi ɗaya."

"Biyu."

"Ɗaya da rabi, kuma kai za ka riƙa yi wa Baba aski."

Ranar Litinin yarinyar ta sami Malama Azumi ta gaya mata abin da ya faru.

"Gwangwanin kam yana tara sauro," in ji Malama. "Amma sai ki zubar da ruwan, ki huda gindinsa. Gurbin dara kuwa kafin yamma ya tsotse. Me ya hana ki tambaye ni? Me ya hana ki tambayi mai abin?"

"Dariyar da aka yi mini ce, Malama."

"To kin ga inda gudun dariya ya kai ki."

Inna ba ta dake ta ba. Hukuncin da ta yanke ya fi duka daɗewa. Da hannunta yarinyar ta farfasa daɓen nan, ta tona gurbi talatin. Ta je har rumfar Malam Badaru ta durƙusa ta ba shi haƙuri a gaban mutane. Kuma kullum in ta dawo daga makaranta, sai ta buga dara da Kaka kafin abokinsa ya iso.

Da farko hukunci ne. Kafin lokacin girbi ya yi, ita ke tashin sa daga barci don su fara. Lissafinta a aji ya ƙara kyau, don ta koyi yin tunani kafin ta ɗaga hannu. Mantuwar Kaka ba ta tafi duka ba. Amma ya koma cin tuwonsa, ya koma tsokanarsa, bai kuma ƙara kama hanya shi kaɗai ba.

To yara, ku riƙe wannan. Abin da kuka ga tsoho yana riƙe da shi, kada ku raina, kada ku zubar sai kun tambaya. Wasa irin dara ba ɓata lokaci ba ne, yana motsa ƙwaƙwalwar yaro da ta babba. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa a ranar. Yarinyar nan kwana goma ta yi tana cewa gobe, saura taku ɗaya ta rasa kakanta.